Na kai Inna Abuja a jirgin Yola

A watan Janairu likita ya ce a kai Inna Abuja a duba mata gwiwa. Hanyar mota na san ta sarai: Numan, Gombe, Bauchi, Jos, Akwanga, Keffi, kilomita wajen 800. In an tashi da asuba, sai bayan magariba ake sauka. Tsohuwar da ko sallah a kujera take yi ba za ta jure wannan ba. Ni da Yaya muka haɗa kuɗi muka yanki tikiti biyu.

Daga filin jirgin Jimeta, wanda aka sa wa sunan Lamiɗo Aliyu Mustapha a 2023, zuwa filin Nnamdi Azikiwe, kusan kilomita 570 ne ta sama. A tikiti an rubuta awa ɗaya da minti goma, kuma ba su yi ƙarya ba. Muna tashi na nuna mata Binuwai ta taga, ruwa ya janye, yashi ya fito fari fat. Aka ba mu ruwa da biskit. Da aka ce a ɗaura bel za a sauka, ta kama hannuna ta ce, "Ke, har mun iso? Ai ban gama lazimina ba."

Ma'aikatan sun kyauta mata, dole in faɗa. Tun wajen auna kaya aka kawo keken marasa lafiya ba tare da na roƙa ba. Wani saurayi ya durƙusa ya gaishe ta da Fulatanci, sannan shi da abokin aikinsa suka tallabe ta a matakala, taki ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi tsaki. Allah ya saka musu da alheri.

Abin da ya ɓata min rai jira ne. Jirgin goma da rabi na safe bai tashi ba sai wajen biyu. Hazo ne, kuma ban ga laifin kowa a nan ba. In matuƙi ba ya ganin titin sauka, gara a jira. Amma tun da safe kamfanin ya san jirginsu bai baro Abuja ba. Me ya hana su turo saƙo a waya? Da Inna ta kwanta a ɗakinta maimakon zaman kujerar ƙarfe. Ga shi sanarwarsu duk da Turanci. Dattawa uku suka zo suna tambayata me aka ce.

Sannan filin Abuja wajen kilomita 40 yake da cikin gari, ga cunkoson Lugbe. Mun bar gida takwas na safe, sai bayan la'asar muka shiga Garki. Ganin likita ya wuce mu, aka ɗaga zuwa washegari.

Za mu koma a watan Afrilu, kuma jirgin za mu sake hawa. Wannan karon tikitin ana gobe ganin likita na yanka.