Fenti da canjin ruwan lagireto: sharhi kan aikin da aka yi wa babur ɗina na tsere a Maraɗi

Babur ɗin Yamaha R6 ne mai inji 600, kuma ya iso hannuna ta wajen dillalan da ke shigo da na hannu daga Turai ta tashar Kwatano. Duk wanda ya san harkar, da ya gan shi zai gane cewa a filin tsere aka yi ta aiki da shi: ba fitila, ba madubi, an huda kawunan kusoshin mai an ɗaure su da siririyar waya don kada su kwance, sannan jikinsa ba robar kamfani ba ce, na zaren gilashi ne, irin wanda ƴan tsere suka fi so saboda rashin nauyi da sauƙin faci idan an faɗi. A watan Disamba na kai shi wani gareji da ke kan hanyar fita Ɗan Isa domin a sake masa fenti, a kuma canza ruwan da ke sanyaya inji. Fentin ya gamsar da ni fiye da yadda na zata, aikin ruwan kuwa sai da na tsaya a kansa kafin ya yi daidai.

Mai fentin dattijo ne da ya daɗe yana feshin motoci, kuma abin da ya fara burge ni shi ne bai yi gaggawar ɗaukar bindigar feshi ba. Ya kwance sassan jikin gaba ɗaya, ya wanke maiƙon da ke kansu, ya goge tsohon fentin da samfefa mai lamba 400, sannan ya bi tsagar da ke gefen dama ya yi mata faci daga ciki da sabon zaren gilashi, maimakon ya toshe ta da mastik daga waje kamar yadda masu gaggawa suke yi. Zaren gilashi yana da wani aibi da robar kamfani ba ta da shi, domin yakan zo da ƙananan huji kamar bakin allura, waɗanda ido ba ya ganinsu sai fenti ya hau ya bushe, a lokacin ne za su fito fili su ɓata aikin. Dattijon ya san da wannan. Ya fesa fentin shimfiɗa, ya duba sassan a cikin rana, ya cike hujin ɗaya bayan ɗaya, ya sake gogewa da samfefa mai laushi da ruwa, kafin ya kai ga shuɗin da na zaɓa.

Inda na fi ganin ƙwarewarsa shi ne wajen banishi, wato shafi mai ƙyalli marar launi da ake fesawa a kan fenti a ƙarshe. Ya ƙi yin amfani da na gwangwanin fesawa, ya haɗa wanda ake cakuɗawa da maganin ƙarfafawa, kuma dalilinsa gaskiya ne: banishin gwangwani yakan yi laushi ya dusashe da zarar fetur ya zuba a kan tanki, wanda aka haɗa kuwa idan ya bushe fetur ba ya yi masa komai. A garin da yawancinmu ke sayen mai a kwalba a bakin hanya, inda ba a rasa ɗigo a kan tanki, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Ga kuma ƙurar hunturu, babbar abokiyar gabar ɗanyen fenti. Ba shi da ɗakin feshi na zamani, amma ya rufe rumfarsa da leda, ya sa yara suka jiƙa ƙasa, ya yi feshin da sassafe kafin iska ta taso. Ƙura kaɗan ta hau, ya cire ta daga baya da samfefa mai lamba 2000, ya bi da man gogewa. Ya kuma hana ni manna lambobi nan take, ya ce in bari fentin ya gama fitar da tiririnsa tukuna.

Abin da ban ji daɗinsa ba a ɓangaren fenti shi ne yaran shagon suna feshi da ƙyalle kawai a hanci. Maganin ƙarfafa banishi yana ɗauke da sinadarin da ke lalata huhu, yana kawo asma, kuma ƙyalle ba ya tare shi.

Batun ruwan lagireto shi ne ya fi buƙatar bayani, domin shawarar da ake karantawa a intanet daga Turai da Amurka take fitowa, kuma ba yanayinmu aka duba aka rubuta ta ba. A filayen tsere na can, irin su Le Mans da Magny-Cours, ƙa'idar gasa takan hana zuba ruwan sanyaya mai sinadarin gilaikol, saboda idan ya zube a kan kwalta yana da santsi kuma yana da wuyar wankewa, sai wanda ke biye ya zame. Shi ya sa ƴan tsere ke zuba tataccen ruwa zalla, wani lokaci da ɗan ƙarin maganin tsatsa. Amma ruwa zalla yana daskarewa a digiri 0, yana kuma kumbura idan ya zama ƙanƙara, har ya iya fasa lagireto ko jikin inji. Don haka da sanyi ya kama sai su zubar da shi su mayar da gilaikol, wanda haɗinsa rabi da rabi da ruwa ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifiri. A Maraɗi sanyin asuba na Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 15, amma ba ya kaiwa ga ƙanƙara. Damuwarmu ita ce zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, da tsatsa, da dattin gishirin da ruwan rijiya ke bari a cikin siraran bututun lagireto.

Makanikin garejin ya fahimci rabin farko na wannan bayani, sai ya yanke cewa tunda ba ma yin ƙanƙara, ruwan leda ya wadatar. A nan muka saɓa. Gaskiya ne ruwa zalla ya fi gilaikol kwashe zafi, amma injin nan na alminiyom ne, kuma ruwan sanyaya na kamfani yana ɗauke da maganin da ke hana ƙarfen cinyewa. Ruwan leda, ko da yana da tsabta wajen sha, akwai ma'adinai a cikinsa. Da aka buɗe kusar zubarwa, abin da ya fito ruwan ƙasa-ƙasa ne, shaidar cewa ruwa zalla ya daɗe a ciki. Tunda ba mu da filin tsere mai kwalta da zai ɗora mini waccan ƙa'ida, na nemi a wanke cikin da ruwan batir tatacce, ba mai asid ba, har sai ya fito fari, sannan a zuba haɗaɗɗen ruwan da aka rubuta a jikin jarkarsa cewa ya dace da alminiyom. Launi ba ya nuna inganci, kore ko ja rini ne kawai, rubutun jikin jarkar ake karantawa. Lita biyu da ƴan kai injin ya sha.

Makanikin ya kuma so ya cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto har sai inji ya ɗumama, al'adar da ta zama ruwan dare a garejinmu, na ƙi, domin injin da ke aiki da allurar fetur maimakon kabureta yana buƙatar ya kai zafinsa da wuri. A wani wurin kuwa shi ya fi ni gani: shi ya lura cewa an cire fankar lagireto tun a Turai, abin da ƴan tsere ke yi don rage nauyi tunda ba sa tsayawa. Ya samo wata daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ya ɗaura, ya kuma canza murfin lagireto da robarsa ta tsage, domin murfin ne ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100.

Kuskurensu babba shi ne barin yaro ya ƙarasa zubin ba tare da ya fitar da iskar da ke maƙalewa a cikin bututun ruwan ba. Ban yi nisa ba zafin ya haura a cunkoson babbar kasuwa, dole na koma. Maigidan bai yi musu ba, ya karkatar da babur ɗin, ya matsa bututun roba, ya bar injin ya yi zafi har fanka ta tashi, ya jira ya huce ya cika, kuma bai ƙara mini ko dala ba. Tun daga nan zafin yana tsayawa tsakanin 80 da 90 a kan hanyar Tibiri. Sai dai a gabana yaran suka tuttular da ragowar gilaikol ɗin a ƙasa, inda awakin unguwa ke yawo, alhali yana da zaƙi kuma guba ne mai kashe ƙoda. Wanda zai kai nasa babur ya tafi da jarka ta daban ya karɓi tsohon ruwan da hannunsa, ya kuma tsaya har a fitar da iska kafin ya biya.