Shining in the Darkness: wasan da ya mayar da ni ga fensir da takarda

Mako uku ke nan ina fama da Shining in the Darkness, wasan bidiyon da kamfanin Sega ya fitar a Japan a shekarar 1991 don na'urar Mega Drive. Shi ne ɗan farin wasannin Shining, kafin Shining Force ya biyo baya a 1992. Labarin gajere ne, kuma kai mai wasa kai ne jarumin: an sace Gimbiya Jessa ta masarautar Thornwood, mahaifinka Mortred da ke rakiyarta shi ma ya yi ɓatan dabo, kuma wani matsafi mai suna Dark Sol ne ya ƙulla komai. Sarki ya ce ka shiga kogo ka nemo su. Shi ke nan.

Duniyar wasan wuri uku ce kacal: fada, gari, da kogon. Amma kogon nan ya ishe ka. Da idon jarumin kake kallo, bango dama bango hagu, taku ɗaya bayan ɗaya, kowane lungu kamar an tsaga kara da ɗan'uwansa. Ba taswirar da ke bin ka a kan allo. Daren farko na yi taurin kai, na ce ƙwaƙwalwata za ta riƙe hanya. Sau huɗu ina dawowa gaban akwati guda da na riga na buɗe. Washegari na samo takarda mai gida-gida da fensir, kowane taku gida ɗaya, na riƙa sa alamar matakala da ramuka. Daga nan wasan ya buɗe mini. Akwai wani ɗan fili a ƙasa da ke juya mutum. Ranar da na gane shi ne ya karkata mini zane, sai da na goge rabin shafi, amma wallahi daɗin da na ji ya fi na kashe kowane dodo.

Da farko kai kaɗai ne, kuma wannan sashe akwai wuya. Sai ka kayar da ƙaton kaguwar nan, Kaiser Krab, sannan Milo mai warkarwa da Pyra mai tsafin wuta su shigo tafiyar. Daga nan a bi kogunan gwaji huɗu: ƙarfi, jarumta, gaskiya da hikima. Kada ka kuskura ka nutsa ciki ba Angel Feather a jaka, ita ce mai cillo ka gari idan numfashi ya kusa ƙarewa.

Zanen ya burge ni ƙwarai. Mashayar garin cike take da fuskoki masu rai, ga kiɗa na tashi, har nakan daɗe a wurin ba don ina da buƙata ba.

Inda ya gajiyar da ni shi ne yawan faɗa. Taku biyar, shida, dodo ya faɗo maka, sau da yawa irin wanda ka gama da shi yanzu-yanzu. Mai gaggawa ba zai kai ko'ina ba. Ni kuwa ina hawa na biyu a babban kogon, takarduna sun kai tara, kuma akwai wata ƙofa a kusurwar arewa da na zagaye da jan biro, gobe da ita zan fara.