Injekta ko famfon tururi: wanne za a sa wa tukunyar kan jirgi?

Ɗan'uwa, kana tambaya wanne za ka sa wa ƙaramin kan jirgin ƙasa naka don cusa ruwa cikin tukunyar da ke samar da tururi, injekta ko famfon tururi. Ɗauki injekta, wato 'yar na'urar da ke tura ruwa cikin tukunya da gudun tururi kawai. Ka haɗa ta da ƙaramin famfon hannu a cikin tankin baya, wato tankin ruwan da kan jirgi ke ja a bayansa, don ko ta kwana, ka bar maganar famfon tururi sai ranar da kuɗi ya yi maka yawa.

Nawa kan jirgin irin ƙananan nan ne da ake hawa a kan layi mai faɗin inci 5, tukunyar tagulla, kwal na gaske, kuma a nan arewacin Ingila nake tuƙa shi a filin ƙungiyarmu. Injektar da ke jikinsa ba ta kai tsawon yatsana ba. Wata ranar bazara yara sun yi layi suna jiran hawa, na tsaya a tasha, ruwa ya sauka ƙasa sosai a gilashin dubawa, wanda ke nuna yawan ruwan cikin tukunya. Na buɗe ruwa, na buɗe tururi, sai ta dinga feso ruwa ta bututun zubar da rara, ta ƙi kamawa. Wani dattijo da ya yi aikin zuba kwal a manyan jirage tun yana saurayi ya matso, bai ce komai ba, ya tsoma tsumma a bokitin ruwan sanyi ya ɗora mata. Ya ce in sake. Ta yi tari sau ɗaya, rarar ta ɗauke, sai ga wannan siririyar ƙara mai kama da fito, ruwa yana hawa a gilashi a hankali. Ya ce da ni lafiyarta lau, zafi ne ya kama ta. Tun daga ranar tsumma ba ya barin akwatin kayan aikina, ita kuma ba ta sake ba ni kunya ba.

Famfon tururi kuwa na taɓa sayen guda na hannu. Yana da kyan gani idan yana bugawa, iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Yau bawul ya maƙale, gobe yoyo ta bakin fistin, kuma yana cikin kwali har yanzu.

Abin da ya sa nake tsaye a kan injekta shi ne babu abin da ke kai da komo a cikinta. Mazurari uku ne a jere. Tururi yana fita ta na farko da gudun gaske, ya haɗu da ruwan sanyi a na biyu, sanyin ya mayar da shi ruwa nan take, gudun da ya zo da shi ya koma jikin ruwan. Na ukun yana buɗewa a hankali, sai gudun ya zama matsi, matsin ya fi na cikin tukunya, ya ture bawul ya shiga. Wato tururin tukunya ne ke cusa ruwa cikin tukunyar da ya fito, kuma ruwan yana shiga da ɗuminsa, ba ya girgiza ƙarfe. Lokacin da Bafaranshe Henri Giffard ya fito da ita a 1858, injiniyoyi da dama ba su yarda za ta yi aiki ba sai da suka gani da idonsu. Kamfanin Sharp, Stewart na Manchester ya karɓi izinin ƙera ta a Ingila, William Sellers na Philadelphia ya karɓa a Amurka.

Kafin zuwanta famfo ake haɗawa da motsin injin kansa, idan jirgi yana tafiya ruwa yana shiga, idan ya tsaya shi ke nan. Direban da aka tsayar a tasha ya daɗe sai ya kwance kan jirgin daga taragai, ya dinga kai da kawowa a layi don kawai tukunya ta sha ruwa. Injekta ta kashe wannan wahalar, domin muddin akwai tururi tana aiki, a tsaye ko a guje. Kafin jirgi ya iso Kano a 1911 ta riga ta zama kayan yau da kullum a kawunan jiragen da ake ƙerawa a Ingila.

Ba wai famfo ba shi da masoya ba. Injiniya William Stroudley na layin Landan zuwa Brighton ya riƙe shi a shekarun 1870, saboda yana ɗumama ruwan tanki da ragowar tururi don rage cin kwal, ita kuwa injekta ba ta shan ruwan zafi. Daga baya ƙananan kawunansa da ake kira Terrier su ma aka sa musu injekta. Kamfanin jiragen ƙasa na LNER a Birtaniya ya gwada na'urar Faransa mai suna ACFI, mai famfo da tankunan ɗumama ruwa a saman tukunya, a jikin kawunansa samfurin B12, amma ɗawainiyar gyara ta cinye ribar kwal ɗin, aka cire. A Jamus da Amurka, inda kawunan suke manya kuma tafiyar take da nisa, famfo mai na'urar ɗumama ruwa irin su Knorr da Worthington da Elesco ya zauna da gindinsa. Sai dai ka duba, ko a can ba su yarda su bar shi shi kaɗai ba, akwai injekta a gefe.

Yanzu ga inda abin ya shafe ka kai da ke Arewa. Injekta tana da maƙiya uku: zafi, datti da iska. Zafin shi ne babba a wurinka. Tankin ƙarfe da ya wuni a rana a watan Afrilu ruwansa ya riga ya yi ɗumi, kuma ƙananan injektoci sun fi manya saurin fushi da ruwan ɗumi. Kada ka ja mata ruwa daga tankin da ke manne da tukunya. Ja daga tankin baya, ka cika shi da ruwan randa, ka ɗaura ta ƙasa da tankin yadda ruwa zai gangaro mata da kansa, nesa da murhu. Idan bawul ɗin shiga tukunya yana yoyo, tururi zai dinga komowa yana gasa ta, kai kuma ka ɗora mata laifi. Iska kuma ko ta kafar da ido ba ya gani ta shiga bututun ruwa, ba za ta kama ba, don haka kowace mahaɗa a ɗaure ta tam.

Datti ne na fi jin tsoro, kuma ba don injekta kaɗai ba. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana barin farin ɓawo irin wanda kake gani a gindin butar shayi. Ramin mazurarin ƙaramar injekta bai wuce kaurin allura ba, ɓawo kaɗan ya isa ya toshe shi. Wannan mai sauƙi ne, ka jiƙa ta a ruwan lemun tsami ka ɗauraye, kuma kada ka kuskura ka zura mata waya, ramin zai buɗe ta lalace. Mai wuyar shi ne ɓawon da ke toshe hanyar gilashin dubawa, gilashi ya nuna maka akwai ruwa alhali babu. A ranar 16 ga Yuni 1995, a wani layin yawon buɗe ido kusa da Gettysburg a Amurka, ruwa ya sauka ƙasa da rufin murhun kan jirgi mai lamba 1278, ƙarfen ya yi laushi ya rufto, ma'aikata uku suka ƙone. Masu bincike sun tarar hanyoyin gilashin sun kusa toshewa da ɓawo. A Hinton ta jihar West Virginia, a watan Yunin 1953, ƙarancin ruwa ya fasa tukunyar wani ƙaton kan jirgi na kamfanin Chesapeake and Ohio, mutum uku suka mutu. Allah Ya kiyaye mu. Tukunyarka ƙarama ce, amma tururinta yana ƙona fata daidai da na babba. Ka tara ruwan sama ka tace, ka sa rariya mai laushi a bakin bututu, ka busa gilashin, wato ka buɗe bawul ɗinsa tururi ya share hanyoyinsa, duk ranar da ka hura wuta. Kuma hanya biyu ta shigar da ruwa wajibi ce, shi ya sa na ce famfon hannu.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa a intanet. Injekta daga waje duk ɗaya take, aikin yana cikin mazuraran. Akwai masu goge tsohuwa ta yi ƙyalli alhali an riga an ɓata ramukanta da waya, akwai masu ƙera jabu da ba su taɓa ɗora ta a tukunya ba. Ka tambayi mai ita abu biyu: ruwa nawa take turawa a minti ɗaya, kuma daga wane matsi zuwa wane matsi take aiki. Idan ya fara kame-kame, ko ya ce tana yi da kowane irin matsi, wuce abinka. Ka nemi ya turo bidiyonta tana aiki a jikin tukunya mai wuta, bututun rara a bushe, allurar gejin da ke nuna matsi a fili. Sannan ka zaɓi wadda ta dace da girman tukunyarka, domin wadda ta yi girma za ta cika ta da sauri, matsi ya faɗi, ka tsaya tsakiyar layi kana jiran wuta ta farfaɗo.