Netplan a sabar mai katin sadarwa biyu: sharhi bayan amfani da shi

Netplan shi ne tsarin da kamfanin Canonical ya ɗora saitin sadarwar Ubuntu a kansa tun daga fitowar 17.10 a shekarar 2017, saboda haka duk mai kula da sabar Ubuntu a yau sai ya yi hulɗa da shi, ko yana so ko ba ya so. Aikinsa shi ne ya karanta fayilolin YAML (wani salon rubuta saiti) da ke cikin /etc/netplan, ya fitar da saitin da systemd-networkd ko NetworkManager, manhajojin da ke tafiyar da sadarwar, za su aiwatar. Na yi amfani da shi a kan sabar Ubuntu 22.04 mai katin sadarwa biyu, kowane kati da layin intanet na kamfani daban, kuma abin da na gani shi ne Netplan gwani ne wajen adana gyaran da aka riga aka gano, amma taimakonsa wajen gano inda ciwon yake kaɗan ne ƙwarai.

Matsalar da ta kai ni ga tona cikinsa sananniya ce ga masu wannan aiki. Sabar tana fita intanet lafiya ta katin farko, amma duk abin da aka aika da adireshin kati na biyu sai ya tafi shiru, haka kuma masu neman sabar ta wannan adireshin sai su yi ta jira har lokacin haɗin ya ƙare. Dalili kuwa shi ne Linux, idan ba a ba shi wata ƙa'ida ba, adireshin da fakiti (ƙunshin bayanan da ake aikawa) ya nufa kawai yake dubawa a babban teburin hanyoyi, bai damu da adireshin da ya aiko shi ba. Sai fakiti mai ɗauke da adireshin layi na biyu ya fita ta ƙofar layi na farko, shi kuma kamfanin da ke da layin ya jefar da shi domin adireshin ba nasa ba ne, kamar yadda ƙa'idar BCP 38 ta shekarar 2000 ta shawarci masu samar da intanet su riƙa yi don daƙile adireshin bogi.

A nan ne Netplan ya fi ba ni takaici. Umarnin netplan apply yana kammalawa ba tare da ya ce uffan ba, domin a wurinsa saitin ba shi da aibi, alhali kuwa rabin hanyar sabar a toshe yake. Sababbin fitowarsa sun zo da netplan status, wanda ke jera katuna da adireshinsu da hanyoyinsu cikin tsari mai daɗin karantawa, sai dai ba ya faɗa maka ta ina wani fakiti takamaimai zai bi. Wannan amsar a wurin iproute2 take, wato tarin umarnin sadarwa na Linux da ya ƙunshi ip. Idan ka rubuta ip route get 8.8.8.8, ka ƙara from da adireshin kati na biyu, nan take za ka ga sunan katin da za a fita ta cikinsa, kuma idan sunan na farko ya bayyana, to ka kama bakin zaren. Na tabbatar da hakan da tcpdump, manhajar da ke nuna fakitin da ke wucewa, a kan katunan biyu a lokaci guda, inda na ga buƙata tana shigowa ta ɗaya, amsarta tana fita ta ɗayan. Yana da kyau a duba rp_filter ma, saitin Linux mai tantance hanyar komawar fakiti, domin idan yana kan 1, ita kanta sabar ce za ta jefar da fakitin da ya shigo ta katin da ba ta nan amsarsa za ta koma ba. Idan yana kan 2 kuwa, sassauci ake yi masa.

Da zarar an gano haka, sai amfanin Netplan ya fito fili. A ƙarƙashin kati na biyu na rubuta hanyar fita a sashen routes, na sanya ta a teburi mai lamba 100, sannan a sashen routing-policy na ce duk abin da ya fito daga adireshin wannan kati ya bi teburin. Ƙa'idar tana bukatar lambar fifiko ƙasa da 32766, wadda ita ce ta babban teburi, don a duba ta kafin a kai gare shi. Wajibi ne kuma a saka hanyar ƙaramar cibiyar da katin yake ciki a cikin sabon teburin, in ba haka ba saƙon da ya kamata ya tafi kai tsaye ga kwamfutar da ke maƙwabtaka da sabar sai ya zagaya ta ƙofar fita. Idan katin daga DHCP, tsarin da ke raba adireshi kai tsaye, yake karɓar adireshi, use-routes: false a ƙarƙashin dhcp4-overrides yana hana shi cusa tasa hanyar fita a babban teburi. Duk wannan layuka kaɗan ne a fayil guda, kuma suna nan daram bayan an kashe sabar an kunna, saɓanin zamanin /etc/network/interfaces da sai an jera umarnin post-up ɗaya bayan ɗaya.

Abin da na fi yabawa shi ne netplan try. Yana ɗora sabon saiti na wucin gadi, kuma idan ba ka danna Enter cikin daƙiƙa 120 ba, wato minti biyu, sai ya koma tsohon da kansa. Wanda ya taɓa gyara hanyoyin sabar da ke wani gari ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ya san darajar wannan. Yana da iyaka dai: idan saitin ya ƙunshi bond ko bridge (hanyoyin haɗa katuna wuri guda) mai sigogi na musamman, yakan ƙi aiki saboda ba zai iya mayar da su yadda suke ba.

Ƙorafina na ƙarshe a kan YAML ne da kuma tsoffin darussan da suka cika intanet. Fayil ɗin ba ya karɓar Tab, kuma tazara ɗaya da ta kauce tana iya sa a ƙi karanta shi gaba ɗaya. Darussa da yawa har yanzu gateway4 suke koyarwa, alhali an daina ba da shawarar amfani da shi, kuma a 22.04 gargaɗi yake fitarwa cewa a koma ga routes da to: default. Sannan Netplan yana haɗa duk fayilolin da ke cikin babban fayil ɗinsa bisa jerin sunayensu, wanda ya zo daga baya a jerin yana danne wanda ya gabace shi inda suka ci karo, don haka a sabar da cloud-init, manhajar da ke saita saba a farkon kunna ta, ya ajiye 50-cloud-init.yaml, sai ka ba naka fayil lamba mafi girma, ka kuma gudanar da netplan get don ganin haɗaɗɗen saitin kafin ka aiwatar da shi.