Soyayyar Niyok ko ta Kano: wanne za mu kunna bayan isha'i?

A gidanmu da ke Birni, nan Damagaram, kullum sai mun yi gardama da ƙanwata kan abin da za a kalla. Ita ta fi son finafinan soyayya da barkwanci na Amurka, irin waɗanda tashar Hallmark ke yi wa talabijin: budurwa mai aikin ofis a Niyok ta yi karo da saurayi a bakin shagon kofi, su yi ta tsiya da juna, kafin awa ɗaya da rabi sun daidaita. Da yawansu ma a Kanada ake ɗaukarsu, don can ya fi araha. Muna kallonsu da fassarar Faransanci, kuma gaskiya suna sanyaya rai. Ko an ɗauke wuta a tsakiya, ka san inda labarin zai ƙare.

Ni kuwa na fi karkata ga shirye-shiryen Kano, musamman tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014. A can soyayya ba ta mutum biyu ba ce. Akwai gwaggo mai sa ido, akwai kuɗin lefe, akwai uban da bai amince ba tukuna. Suna jan labari har makonni, wani lokaci su gajiyar da kai, amma Inna kan ajiye tsintar shinkafa ta ce, "Wannan yarinya ta yi wauta." Na Niyok ba su taɓa sa ta magana ba, sai dai ta kau da kai in an zo wurin sumba.