Na sa an goge daɓen marmara na gidanmu a Maradi: inda kuɗina ya yi amfani da inda bai yi ba

Duk wanda ya shimfiɗa dutsen marmara a falonsa a garin nan ya san ƙyallin farko ba ya daɗewa, kuma yashinmu ne ke cinye shi. Marmara dutse ne mai taushi. A ma'aunin taurin duwatsu da ke tashi daga 1 zuwa 10, ita tana wajen 3, ƙwayar yashi kuwa tana 7. Ke nan duk takalmin da ya shigo daga tsakar gida, da duk ƙurar da hunturu ya watso ta taga, kankare daɓen suke yi a hankali. Namu a unguwar Zariya haka ya koma: tsakiyar falo ta dushe sarai, gindin bango inda ƙafa ba ta kaiwa yana nan da ƙyallinsa.

Mutum biyu suka zo duba aikin. Na farko ya ce da wuni guda ya gama, kuma da araha: zai fesa wani ruwa, ya bi da inji mai soson ƙarfe. Wannan hanya tana sa ƙyalli, ba ƙarya ya yi ba, amma a bisa tsofaffin zane-zanen take hawa, ba ta cire su. Na biyu bai yi maganar kuɗi ba sai da ya durƙusa ya shafa daɓen da tafin hannu, ya zuba ruwa kaɗan ya ga yadda dutsen ke sha, sannan ya ɗiga lemun tsami a wani lungu bayan ƙofa. Wurin ya dushe nan take. Ya ɗiga a matakalar shiga gida, ba abin da ya faru. Sai ya ce, “Alhaji, na falo marmara ce, na matakala giranit ne. Shi wankewa kawai yake so, kar ka ɓata kuɗinka a kansa.” Mai sana'ar da ya rage wa kansa aiki da bakinsa, shi na ba.

Ainihin aikin niƙa ne, ana cire ɗan siririn saman dutsen har a kai ga lafiyayyen da ke ƙasa. Injin mai nauyi ne, ana maƙala masa fayafai masu ƙwayoyin daimon, kowane da lambarsa. Ana farawa da mai kaushi, lamba 50, wanda ke daidaita bakin da wani dutse ya ɗara ɗan'uwansa tudu, irin wurin da ake tuntuɓe. Daga nan 100, 200, 400, 800, 1500, har 3000. Kowace lamba aikinta ta share zanen da ta gabanta ta bari. Nan ne ha'inci ke shiga, domin idan aka tsallake ɗaya ba za ka gane ba sai an gama, ka kunna fitila ka ga da'ira-da'ira a cikin ƙyallin. Na zauna na ga an canza fayafan ɗaya bayan ɗaya, kuma duk mai niyyar wannan aiki ina ba shi shawarar ya zauna shi ma, ko ya aje wanda zai zauna.

Da ruwa ake yin niƙan, don kada faifan ya yi zafi kuma ƙura kada ta tashi, sai falon ya cika da farin taɓo kamar kunu. Suna da injin tsotse shi. Kar ka bari a juye shi a magudanar gida, yana kwantawa ya toshe ta. Tsagogi da ƙananan ramuka kuma sun cike su da gam da aka kwaɓa da garin dutsen, tun kafin a kai lambobi masu laushi, don a niƙe su tare su saje. A ƙarshe suka bi da wata hoda mai sinadarin oksalik. Da suka ɗauraye, fankar silin tana juyawa ana ganinta a ƙasa. Jijiyoyin nan masu ruwan toka da muka manta dutsen na da su duk suka fito. A wannan ɓangare ba ni da ƙorafi ko ɗaya.

Ƙorafina yana wasu wuraren. Ba su zo da janareto ba, alhali sun san halin wuta a lokacin zafi, sai da na nemo na haya, kuma ƙaramin na gida ba ya ɗaukar injin. Babban injin ba ya kaiwa kusurwa, da na hannu ake bi, kuma hannun yaron da ya yi wannan bai kai na maigidansa ba: kamar faɗin tafin hannu daga bango ƙyallin ya ragu. Ledar da suka rufe bango da ita ta yi gajarta, taɓon ya fantsama a fenti da gindin ƙofar katako.

Sai ruwan kariyar da ake shafawa daga ƙarshe, wanda aka fi zuzuta mini. Ba fenti ba ne, ba ya zama a sama. Shiga yake cikin ƙananan ƙofofin dutsen ya hana shi shan abu da sauri, kuma dole a goge ragowarsa kafin ya bushe, in ba haka ba ya bar danƙo. Yana da wari, sai an bar tagogi a buɗe, kuma sun ce kar ruwa ya taɓa wurin sai ya kwana. Yana aiki a kan shayi, mai, lalle da jan goro, wato yana ba ka lokacin gogewa kafin tabo ya kama. Amma ba ya tare tsami ko kaɗan, kuma wannan ne ba a faɗa wa mutane ƙarara. Marmara danginsu ɗaya da farar ƙasa, abu mai tsami cinye ta yake yi. Zoɓo ya zube mana bayan an gama aikin. Jan launin ya goge tas, amma inda ya kwanta ya bar dusasshen wuri da ake gani in an karkata. Kunun tsamiya, lemun tsami da ruwan wanke masai duk haka za su yi. Gidan da ake buɗe-baki a falo da azumi, a shimfiɗa leda ko tabarma. Gwajin kariyar ma mai sauƙi ne: ɗiga ruwa, in dutsen ya yi duhu cikin ƴan mintoci, lokacin sake shafawa ya yi.

Tsohon tabon mai sun fitar da shi da wani kwaɓi da suka rufe da leda ya kwana yana tsotsewa. Tsatsar da ƙafar kujerar ƙarfe ta bari kuwa ta rage ne kawai, ba ta tafi ba, kuma tun farko ya gaya mini haka za a yi.

Shawararsa da na fi jin daɗi ita ce ta wurin alwalar Hajiya. Da na ce a yi masa ƙyalli irin na falo, ya ƙi, ya tsaya a lamba 400: sumul, ba walƙiya. Marmara mai ƙyalli in ta jiƙe santsi gare ta, ga tsohuwa mai ciwon gwiwa. Irin wannan gugar kuma ba ta saurin nuna zane, don haka a zaure ko hanyar da ake yawan bi ita ta fi dacewa da garinmu.

Kuɗin da murabba'in mita ake lissafa shi, kuma bai kusa da na fasa daɓen a sayo sabon dutse ba. Kafin a shirya, a tambaya ko cike tsaga da ruwan kariya suna ciki, domin wasu daban suke caji, sannan a sa su gwada mita guda a gani. Bayan aiki, tabarmar share ƙafa a kowace ƙofa, sharar ƙura da busasshen tsumma kullum, wanki da sabulu marar ƙarfi, ban da jabel, wato ruwan bilic na wanki. Lokacin yi kuma a kauce wa tsakiyar hunturu, tunda tagogi a buɗe za su wuni, ƙurar kuwa kan jiƙaƙƙen ruwan kariya za ta sauka.