Metashape, Pix4D, WebODM da sauransu: wacce ta dace da aikin taswirar jirgi mara matuƙi?

Duk manhajojin da ke haɗa taswira daga hotunan jirgi mara matuƙi hanya ɗaya suke bi. Manhaja za ta nemo dubban ɗigo da suka maimaitu a hotuna da dama, ta lissafa inda kyamara take lokacin ɗaukar kowane hoto, ta gina tarin ɗigo mai siffar wurin, sannan ta fitar da taswirar tudu da kwari da babban hoto guda wanda za a iya yin awo a kansa. Wannan fasaha ita ce fotogirametiri. Da yake tushen ɗaya ne, kusan kowacce za ta ba ka hoto mai ɗaukar ido. Abin da ya raba su shi ne, wata za ta nuna maka girman kuskurenta ta bar ka ka gyara, wata kuma za ta miƙo maka sakamako ta yi shiru. Ga mai aikin safiyo ko mai auna tulin tsakuwa, wannan ne ma'aunin da ya kamata ya fara dubawa.

Agisoft Metashape, wadda a da ake kira PhotoScan, ita ce na fi yarda da ita a wannan fanni. Ana sayen lasisinta sau ɗaya, tana aiki a Windows da macOS da Linux, ba ta kuma buƙatar a ɗora hotuna a intanet. Amma a yi hattara wajen saye: kashi biyu ce. Standard, mai arha, ba ta karɓar alamomin ƙasa da aka auna, waɗanda ake kira GCP, ba ta kuma fitar da taswira mai adireshin ƙasa. Siffar 3D kawai za ta yi maka. Mai aikin taswira Professional yake buƙata, kuma kuɗinta ya ninka na ɗayar sau da yawa.

Daɗin Metashape shi ne kowane mataki a hannunka yake. Bayan ta jera hotuna, sai ka tace ɗigon da kuskurensu ya yi yawa, ka danna alamominka a aƙalla hotuna uku zuwa biyar kowacce, ka sa ta sake daidaita lissafin kyamara, kafin ka shiga aiki mai nauyi. Akwai wani abu da ke ruɗa sababbin shiga. A matakin jera hotuna, zaɓin inganci mai suna High na nufin cikakken girman hoto. A matakin gina tarin ɗigo kuwa, High na nufin an rage kowane gefe da rabi, Ultra High ne cikakken girma. Mutane kan zaɓi Ultra High don son inganci, kwamfuta ta kwana tana aiki, ko RAM, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi ta kwamfuta, ya cika ta tsaya, alhali High ko Medium ya wadatar ga yawancin filaye. Aibinta dai, ba ta jan hannun mai koyo.

Me ya sa wannan iko yake da muhimmanci? Ɗauki matsalar lanƙwasar fili. Idan duk hotunan kai tsaye ƙasa suke kallo, a layuka masu jere da juna, manhaja kan kasa bambance lanƙwasar gilashin kyamara da siffar ƙasa. Sai fili shimfiɗaɗɗe ya fito kamar ƙwarya a kife, tsakiya ta ɗago, gefuna sun sauka. A hoton sama ba za ka ga komai ba, amma lissafin yawan ƙasar da za a kwashe ya riga ya lalace. Maganinsa a fili yake farawa: a ƙara zagaye da kyamara a karkace kamar digiri 15 zuwa 20, ko layuka masu gitta juna, a kuma sa alama a tsakiyar fili, ba kusurwoyi huɗu kaɗai ba. Amma ba za ka san ya faru ba sai da alamomin gwaji, wato waɗanda aka auna amma ba a bar manhaja ta yi lissafi da su ba.

Pix4D, kamfanin Suwizalan da aka kafa a 2011, ya yi fice wajen rahoton inganci. Da manhajarsa Pix4Dmapper ta gama matakin farko, za ta nuna maka kore, rawaya ko ja a kan muhimman abubuwa: ko hotuna sama da kashi 95 cikin ɗari sun haɗu a dunƙule ɗaya, da ko lissafin kyamara ya kauce wa na asali da fiye da kashi 5. In ka ga ja a nan, tsaya ka nemo dalili, kada ka ci gaba. Wannan rahoto yana da sauƙin miƙa wa wanda ya ba ka aikin. Abin da ke ba ni haushi da su shi ne rarraba kaya: Pix4Dmatic don manyan ayyuka, Pix4Dfields don gonaki, kowacce da kuɗinta.

WebODM kyauta ce, kuma lambobin da aka rubuta ta da su a buɗe suke ga kowa. Ga mai koyo, ko mai son hoton fili da layukan tudu na matsakaicin aiki, ta isa a yaba mata. Tana karɓar GCP, tana fitar da fayil ɗin hoton taswira (GeoTIFF) da na tarin ɗigo (LAZ) da za su buɗu a manhajar taswira ta QGIS ba matsala. Sai dai tana da cin RAM. Jagoranta ya ƙiyasta gigabait 16 ga hotuna kamar 250, da 64 ga hotuna 1,500. In RAM ya gaza, aikin mutuwa yake yi a tsakiya. Ana iya rarraba babban aiki gida-gida sannan a haɗe, amma a duba wuraren haɗin da kyau. Girka ta ta hanyar wata manhaja mai suna Docker ma yana son ɗan sanin kwamfuta.

Idan siffar gini, gada ko hasumiya kake so, RealityCapture ce gwana, ga sauri ga kaifin gefuna. Epic Games ya saye ta a 2021, a 2024 ta zama kyauta ga wanda kuɗin shigarsa bai kai dala miliyan ɗaya a shekara ba, yanzu kuma sunanta RealityScan. Tana son Windows da katin sarrafa hoto na kamfanin NVIDIA. DJI Terra tana da sauƙi ga mai jiragen DJI, musamman mai na'urar lesa irin Zenmuse L2. DroneDeploy kuwa a intanet take aiki: ba ka buƙatar babbar kwamfuta, amma sai ka ɗora gigabait masu yawa, kuma abin da za ka iya gyarawa kaɗan ne.

Kuskure ɗaya yana bin kowa ko da wacce manhaja: tsayi. Na'urar RTK, wato GPS mai awo daidai har zuwa 'yan santimita, ta kan ba da tsayi daga siffar lissafi ta duniya, taswirar injiniya kuma daga matakin teku take aunawa. Tazarar tana kaiwa mita gommai a wurare da yawa. Don haka a tabbatar manhaja tana bari a zaɓi tsarin tsayi, kamar EGM2008 mai bin matakin teku, a kuma tabbatar hotuna da alamomi tsari ɗaya suke kai.

Kafin a biya kuɗi, a gwada su da hotuna iri ɗaya. A ɗauki fili mai ɗan tudu da gini da bishiyoyi, hotuna 200 zuwa 300, kowane hoto ya hau kan na gabansa da kashi 80, na gefe da kashi 70. Jirgi irin Phantom 4 RTK a tsayin mita 100 yana ba da kusan santimita 2.7 a kowane ɗigon hoto. A aza alamomi goma, shida na lissafi, huɗu na gwaji. Aiki mai kyau zai ba da kuskuren kwance ninki ɗaya zuwa biyu na wannan awo, na tsaye ninki biyu zuwa uku, wato santimita 5 zuwa 8. A duba kuskuren alamomin gwaji, ba na alamomin lissafi ba, domin waɗannan manhaja ta riga ta lanƙwasa kanta ta dace da su. Sannan a zuƙo gefen rufin gini a ga ko ya narke, a duba ko ta iya cire bishiyoyi ta bar tsurar ƙasa. Metashape tana ba da gwajin kwana 30, wanda ya ishi wannan aiki.